Ranar da Na Ƙaryata Goggo a Gaban Akawu

Lokacin da abin nan ya faru ni saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ina zaune a unguwar Sarkin Dawaki cikin garin Jalingo. Na gama jami'a, na gama bautar ƙasa, aiki bai samu ba tukuna, amma in ka ga yadda nake taku a layinmu sai ka rantse ni ne sabon kwamishina. Jihar Taraba ba ta daɗe da samuwa ba, gari ya cika da ma'aikatan da aka dawo da su daga Yola, kowa da jakar takardu a hammata. Ni ma na sayi tawa, ko da yake babu komai a cikinta sai takardun makaranta da tsohuwar jarida. Gani nake na gama sanin duniya. Abin da ya sa na rubuto wa wannan mujalla shi ne wata magana da na yi da bakina a wancan zamani, wadda har yau in na tuna ta sai abinci ya fita raina, kuma ban taɓa ba kowa labarinta daga farko har ƙarshe ba.

A hannun yayar mahaifina na tashi, wadda nake kira Goggo. Allah bai ba ta haihuwa ba, mijinta ya rasu tun ina aji uku na firamare, mahaifina ma ya riga shi tafiya, don haka mu biyu ne a gidan. Dakkere, wato dafaffen garin gero da ake damawa da nono, da kindirmo take sayarwa a zaure, da su ta ɗinka mini kayan makaranta tun daga gajeren wando har zuwa rigar da na sa ranar karɓar digiri. Wadda ta haife ni tana nan da ranta a Sunkani, ta sake aure ta haifi wasu 'ya'yan. Adda nake ce mata, kamar yadda ƙannenta suke kiranta. Ni ne ɗanta na fari, kuma a wurinmu Fulani uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta haɗa ido da shi, ba ta nuna nata ne a gaban mutane. In na je gaishe ta sai ta juya gefe ta amsa wa bango. Abin da ban taɓa tsayawa na lura da shi ba shi ne ita ma Goggo wannan kunyar take yi mini. Ba ta taɓa faɗar sunana na yanka ba. Tun ina guntu kamar turmi take kirana Dogo, in kuwa wani mai irin sunana ya zo sayen nono sai ta ce masa mai sunan yaron gidan nan.

Ina cikin zaman jiran aiki sai wani abokina da muka yi ɗaki ɗaya a jami'a ya zo mini da albishir. Yayansa yana aikin likita a Ingila, ya ce ya zo ya yi hutun wata uku kafin ya kama aiki, ya kuma yarda ya taho da aboki ɗaya, masauki da abinci da kuɗin jirgi duk a wuyansa. Ni aka zaɓa. Ranar da takardar gayyata ta iso ta gidan waya sai da na karanta ta ya fi sau goma, na fassara wa Goggo tana daka gero. Ta ajiye taɓarya ta tambaye ni karatu zan ƙaro ko fatauci zan je. Na ce mata yawon buɗe ido ne kawai. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ita duk tsawon rayuwarta ba ta taɓa jin mutum ya ƙetare teku don ya buɗe ido ba, in idon ne ya ƙi buɗuwa ga tozali nan a ɗaki. Na san ba ta son tafiyar, don washegari ta ƙona miya, abin da ba ta taɓa yi ba. Amma ba ta ce kada in je ba. Cewa ta yi in dai alheri ne Allah ya tabbatar, kuma in gaya mata duk abin da ake bukata daga gare ta.

Neman biza a wancan lokaci ba ƙaramin aiki ba ne ga ɗan Jalingo. Sai ka fara yin fasfo, ka ɗauki hotuna, ka cike fom mai shafuka da yawa, ka haɗa takardun makaranta da na wanda ya gayyace ka, sannan ka ɗauki ƙafa har Legas a yi maka tambayoyi baki da baki. Ni kuma ba ni da takardar haihuwa, don a ruga aka haife ni, shekarun da ke takarduna malamin firamare ne ya ƙiyasta su ranar da aka sa ni na zagaya hannu ta saman kai na taɓo kunne. Aka ce sai na kawo takardar rantsuwar shekaru daga kotu, wadda uba ko uwa za su je su rantse a kai. Abokin nan nawa, wanda shi ma ko filin jirgi bai taɓa shiga ba amma yake magana kamar a can aka yanke masa cibi, ya yi ta ja mini kunne cewa Turawa ba sa wasa da takarda, suna bin diddigin kowane layi, in suka kama ƙarya ko da ta kalma ɗaya ce to an rufe maka ƙofar ƙasarsu har ka mutu. Maganar ta zauna mini a rai ƙwarai.

Da na gaya wa Goggo ana bukatar wanda zai rantse a kan ranar haihuwata, sai fuskarta ta washe. Ta ce ai wannan ba sai an je da nisa ba, a gabanta aka haife ni, ranar kasuwar Sunkani, ana tsakiyar yankan dawa, saura kwana uku a kama azumi. Ban sani ba ashe har ta je wurin wani tsohon malami a Kona mai ajiye tsofaffin kalanda, ya lissafa mata ranar da watan Turawa, ya rubuta a 'yar takarda, ta ƙulle a bakin mayafinta. Ran da za mu je kotu ta rufe zaure, ta ce yau babu ciniki. Ta ciro atamfar da ba ta sawa sai da salla, ta sa tozali, ta shafa turare. Ban taɓa ganinta da kyau irin na ranar ba. A ofishin rantsuwa muka tarar da layi, har da mata biyu 'yan unguwarmu da suka zo neman takardar 'ya'yansu. Da aka zo kanmu, akawun, wani dattijo mai fara'a da irin Hausar nan tamu ta Jalingo da ba ta damu da bambanta mace da namiji ba, ya zura takarda a tafireta ya tambaye ta sunan yaro. Ta tura masa takardar makarantata ta ce yana nan a rubuce. Ya yi murmushi, don ya gane. Sai ya tambaye ta mene ne tsakaninta da ni. Ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta ce a hankali ita ce uwata. Wannan ne karo na farko da na ji ta faɗi haka da bakinta, kuma na san ba ƙaramin nauyi ta ɗauka ba kafin ta iya furta shi a gaban jama'a.

Kafin akawu ya buga harafi na biyu na tare shi. Da Turanci na yi maganar, wai don kada ta ji, na ce masa kada ya rubuta haka, ba ita ta haife ni ba, riƙona ta yi, takardar kuma ofishin jakadanci za ta. Shi kuwa bawan Allah, ba da mugun nufi ba, sai ya juya ya maimaita mata da Hausa da ƙarfi yadda kowa zai ji, ya ce yaro ya ce ba ita ce uwarsa ba. Ya ƙara da cewa ai ba komai, goggo ma tana iya rantsewa, sai a rubuta yayar uba a wuce wurin. Da na yi shiru a nan da abin ya zo da sauƙi. Amma boko ya hau mini ka, na ce a'a, na fi son uwa ta ainihi ta zo da kanta don kada a sami matsala. Goggo ta ɗago ta dube ni, ba da fushi ba, kallon wanda yake son ya tabbatar da abin da ya ji. Sannan ta ce wa akawu gaskiya yaron ya faɗa, ita ba ta taɓa haihuwa ba. Ta gyara mayafinta, ta yi wa matan unguwarmu sallama, ta fita. Na bi ta na tsayar mata da ɗan acaɓa, ta ce in bar shi, tana son ta miƙe ƙafa.

Da yamma ta yi tuwo kamar kullum. Ina ɗaki ina jera takardu sai na ji an kira ni daga tsakar gida da sunana na yanka, ɓaro-ɓaro, an ce in zo in ɗauki abinci. Na fito ina duba wace baƙuwa ce ta shigo, sai na ga babu kowa sai Goggo tana kwashe tuwo. A nan take na gane abin da ta yi: ta ajiye kunyar uwa, ta koma matsayin da na nuna mata a gaban akawu. Na ɗauki kwanon na koma ɗaki, na kasa cin ko loma uku. Duk da haka ban fita na durƙusa a gabanta ba. Na ce wa kaina fushin tsofaffi ne, zai wuce, in na dawo daga Ingila da tsaraba komai zai daidaita.

Kwana biyu bayan haka na je Sunkani. Da Adda ta ji abin da ya kawo ni sai ta shige ɗaki ta ƙi fitowa, sai da mijinta ya sa baki sannan ta yarda ta biyo ni, ita a gaban mota ni a can baya. A gaban akawun nan dai muka sake tsayawa. Ya tambaye ta sunan yaro, ta kau da kai. Ya tambaye ta ita ta haife ni, ta rufe fuska gaba ɗaya ta juya wa tebur baya. Ya tambayi ranar haihuwa, ta ce ta bayan mayafi a tambayi Goggo, ita ta sani. Akawu ya cire tabarau ya dube ni, ya ce shi ya shekara da yawa a kan kujerar nan amma bai taɓa ganin irin wannan ba: shekaranjiya na kawo wadda ta ce ita ce uwata na hana ta, yau na kawo wadda na ce ita ce uwata ta ƙi faɗa. Mutane suka yi dariya, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Da ƙyar ya sa ta gyaɗa kai, ta dangwala yatsa. Da ya zo wurin kwanan wata, tunda ba ni da fuskar da zan koma in roƙi Goggo takardar da ke ƙulle a mayafinta, sai na ba shi ranar da malamin firamare ya ƙirƙira, ɗaya ga Janairu. Ka ji mai gudun ƙarya. Takardar da na wulakanta Goggo don ta fito da gaskiya zalla, ga ta nan ta fito da ranar haihuwar da ba tawa ba.

A tasha, muna jiran motar Sunkani ta cika, Adda ta yi maganar da ta fi kowace tsawo da na taɓa ji daga bakinta. Ba ni ta kalla ba, wata mai sayar da gyaɗa da ke gefenmu ta fuskanta, kamar ita take ba labarin wani yaro can daban. Ta ce akwai wata yarinya da ta haihu tana ƙarama, ciwon nono ya kama ta tun kafin suna, ba ta iya shayarwa, kowa ya cire rai da jaririn. Yayar mijinta ce ta ɗauke shi, take tsoma tsumma mai tsabta a madarar saniya tana ɗiga masa a baki, ta yi wata da watanni tana barci a zaune da shi a ƙirji. Ta ce ita yarinyar naƙudar yini ɗaya ta yi, waccan kuwa ta yi shekara ashirin da biyar tana yi. Ta ce labarin abin da ya faru a kotu ya riga ya iso Sunkani, kuma in da yaron yana da hankali, da ba zai kwana ba sai ya nemi gafara. Mai gyaɗa ta yi ta jinjina kai ba ta san da wa ake ba. Mota ta cika, Adda ta shiga ba ta waiwayo ba.

Kunya da girman kai suka haɗu suka ɗaure mini baki, ban nemi gafarar ba. Fasfo ya fito, na kama hanyar Legas ta Wukari da Makurɗi, tafiyar da sai da ƙafafuna suka kumbura. Goggo ta yi mini guzurin dambun nama da ƙuli-ƙuli, ta raka ni bakin zaure, ta yi mini addu'a da sunana. A ofishin biza muka yi layi tun da sassafe har rana ta take, kowa rungume da fayil, wasu na ta maimaita amsoshin da suka haddace. Da aka kira ni na tsaya gaban wata Baturiya a bayan gilashi. Ta buɗe fayil ɗina tana juya takardu da sauri, ina kallo ta wuce takardar rantsuwar nan ko tsayawa ba ta yi a kanta ba. Ta tambaye ni wa ya gayyace ni, wata nawa zan yi, sannan ta ce ba ni da aiki, ba ni da mata, to me zai sa ta yarda zan dawo. Duk amsoshin da abokina ya koya mini suka gudu. Sai na ji bakina yana cewa ina da tsohuwar uwa da ba ta da kowa sai ni, tana sayar da nono a zaure, ni nake ɗebo mata ruwa in famfo ya ɗauke, ba zan iya barinta ba. Ta dube ni na ɗan lokaci, ta yi rubutu, ta ce in dawo in karɓi fasfo. Da sunan matar da na ƙaryata aka ba ni bizar.

Ina isowa Jalingo, ko jaka ban ajiye ba na durƙusa a gabanta na gaya mata duk abin da ya faru, na roƙe ta gafara ina kuka kamar ƙaramin yaro. Ta dafa kaina ta ce in tashi, babu abin da na yi mata, wanda ya faɗi gaskiya ai bai yi laifi ba, ita ce ta manta matsayinta. Da zagina ta yi ko ta mare ni da na fi samun sauƙi. Na tafi Ingila na yi wata ukun, na ga gine-gine da jiragen ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, na sha sanyi, na ɗauki hotuna, amma ban ji daɗin da na yi tsammani ba. Na dawo mata da bargo mai laushi da rigar sanyi da agogon bango. Ta karɓa da hannu biyu ta yi ta sa albarka. Washegari sai ga matan unguwa suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, wai Goggo ta aiko su su taya ta yi mini godiya. Kowa ya san ba a tara wa ɗan cikin gida 'yan taya godiya, wannan karamci ne da ake yi wa na waje.

Ba ta taɓa rage mini komai na kulawa ba. Na sami aiki, ta yi murna. Na yi aure, ita ta yi ta ɗawainiya, amma da aka zo neman uwar ango sai ta ce a aika Sunkani, ita ta zauna cikin goggonni. Da Allah ya ba mu 'yar fari, na ga dama ta samu ta gyara abin da na ɓata. Ranar da aka yaye ta, ni da matata muka ɗauke ta da kayanta muka kai wa Goggo, na ce mata ga 'ya nan na ba ta halak malak, ta riƙe kamar yadda ta riƙe ni. Ta karɓi yarinyar ta rungume, hawaye na zuba. Sannan ta ce ta gode, amma a mayar da kayan. Kullum da safe za ta zo da kanta ta ɗauke ta, ta goya ta yini guda, ta yi mata wanka, ta yi mata kitso, ta ba ta dakkere a baki, ba ta yarda ko ƙuda ya sauka a kanta. Amma da an yi la'asar sakaliya sai ta saɓa ta a baya, da ciwon gwiwarta da komai, ta tako har gidanmu ta miƙa ta ga uwarta. Ko ruwa ake yi sai ta kawo ta. Na taɓa roƙonta ta bar yarinyar ta kwana ko sau ɗaya, ta ce a'a, gara yaro ya san ɗakin uwarsa tun yana ƙarami, don kada wata rana a tambaye shi a gaban mutane ya rasa yadda zai yi. Haka ta yi shekara shida har Allah ya karɓi ranta, yarinyar ba ta taɓa kwana a ɗakinta ba.

Na san ta yafe mini, ta faɗa ba sau ɗaya ba, kuma ba mace ce mai faɗar abin da ba ya zuciyarta ba. Sai dai na koyi cewa yafiya daban, mayar da abu yadda yake daban. Magana zarar bunu ce. Ina kira ga matasa masu rawar ƙafar fita waje, da duk wanda ya tashi a hannun riƙo: ku cike takardunku da gaskiya, ban ce ku yi ƙarya ba, ni ma akwai hanyar da zan bi in faɗi gaskiyar ba tare da na tozarta kowa ba, akawu ma ya nuna mini ita na ƙi bi. Tun a gida ya kamata in zauna da ita in yi mata bayani, mu biyu, ba a gaban layi ba. Fom yana da gurbi ɗaya ne na uwa, wanda ya tsara shi bai san gidajenmu ba, bai san wadda ta yi barci a zaune dominka ba. Kada tsoron wani baƙo a bayan gilashi ya sa ka kunyata wanda ya rene ka. Bizar wata shida aka ba ni, ta ƙare tun tuni, fasfon ma ban san inda yake ba. Ni kuwa yau shekaruna sun haura hamsin, ina da 'ya'ya har da jika, kuma babu abin da nake so a duniya irin in ji an kira ni Dogo daga tsakar gida.